Kwana A Otal Mai Sauƙin Kuɗi A Abuja: Abin Da Ya Kamata Ka Yi Tun Daga Gida Har Ka Miƙa Makulli

Yawancin waɗanda suke tasowa daga Kano, Katsina, Sakkwato, Bauci ko Maiduguri zuwa Abuja ba yawon buɗe ido ne yake kawo su ba. Wata buƙata ce mai rana da lokaci: ganawar ɗaukar aiki, neman biza, ganin likita, bin takarda a ma'aikata, ko raka yaro sansanin masu yi wa ƙasa hidima. Wanda yake da ɗan'uwa a garin ya huta. Wanda ba shi da kowa, ko yake jin nauyin ɗora wa mutane ɗawainiya, dole ya nemi otal, kuma aljihun yawancinmu ba ya kai mu Maitama ko Asokoro. Ana samun ɗaki mai tsafta da kwanciyar hankali a kuɗi kaɗan, amma sai an bi abin a tsanake, domin a Abuja kuɗin ɗaki rabin lissafi ne. Sauran rabin yana cikin kuɗin mota, da awowin da hanya za ta cinye maka, da barcin da za ka samu ko ka rasa.

Mataki na farko: fara da wurin da za ka je da safe

Kafin ka tambayi farashin kowane ɗaki, ka san takamaiman inda aikinka yake da ƙarfe nawa ake son ganinka. Abuja a warwatse take, unguwanninta sun yi nisa da juna, kuma abin da mutane suke kira Abuja ya haɗa har da garuruwan da ba sa cikin birnin tarayya ma. Mararaba a jihar Nasarawa take, Suleja kuma a jihar Neja.

Idan harkarka tana tsakiyar birni, wato Sakatariyar Tarayya, Majalisar Ƙasa, Babban Asibitin Ƙasa ko ofishin jakadancin Amurka, to ka nemi masauki a Garki ko shiyyoyin Wuse na ɗaya zuwa na bakwai, ko Utako da Jabi. Wuse 2 dabam ce da waɗannan shiyyoyi, can tsada ce da hayaniyar dare. Idan hedikwatar hukumar shige da fice za ka, tana Sauka a kan hanyar filin jirgi, don haka Lugbe ta fi maka. Mai zuwa hedikwatar JAMB ko makarantar horas da lauyoyi, Bwari ya nufa, kwana a Kubwa ko Dutse Alhaji ko Bwarin kanta ya fi masa sauƙi. Sansanin masu yi wa ƙasa hidima yana Kubwa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja kuwa yana Gwagwalada, kuma duk wanda ya kama ɗaki a Garki alhali asibitin nan zai je, ya sayi wahala da kuɗinsa.

Nyanya da Mararaba su ne suka fi jan hankalin baƙo, musamman wanda ya shigo ta Keffi daga Jos, Bauci, Gombe ko Yola, saboda ɗakuna sun fi araha kuma Hausawa sun cika wurin. Sai dai hanyar nan da ta taso daga Mararaba ta bi ta Nyanya ta faɗa shataletalen AYA ita ce dubban ma'aikata suke bi kowace safiya, su dawo ta kanta da yamma. Tafiyar da ba ta wuce minti 20 ba idan hanya a buɗe take, tana iya cin fiye da awa ɗaya a ranar aiki. Idan an ce ka zo ƙarfe takwas, sai ka fita daga sallar asuba kai tsaye, ka isa a gajiye, rigarka duk ta yamutse.

Ka yi lissafin a takarda. A ce ɗakin Mararaba ya fi na Garki sauƙi da naira 8,000. Cire kuɗin motar zuwa da dawowa. Cire abin da za ka biya idan lokaci ya ƙure maka dole ka ɗauki shata. Sau da yawa za ka ga abin da ya rage bai kai ya sa mutum ya yi kasadar makara a ganawar da ya yi watanni yana jira ba. A ganina, idan kwana ɗaya ne kuma aikin na safe ne, ka kwana kusa ko da ɗakin ya ɗan fi tsada. Idan kuwa zaman mako guda ne, kamar mai jinya ko mai bin fayil, a nan bambancin kuɗin yake taruwa ya zama wani abu, kuma zama a gefen gari yana da ma'ana.

Mataki na biyu: nemo wuri biyu ko uku tun kana gida

Hanya mafi inganci har yanzu ita ce tambayar wanda ya kwana a wurin kwanan nan. Direbobin tasha da 'yan kasuwar da suke zirga-zirga sun san masaukai da yawa waɗanda ba za ka gan su a intanet ba. Bayan haka sai ka buɗe Google Maps, ka nemo ofishin da za ka je, ka duba otal-otal ɗin da suke kewaye da shi. Shafuka irin su Hotels.ng da Booking.com suna taimakawa wajen sanin yadda farashi yake tafiya.

Hotunan da mai otal ya saka, na ranar da aka gama fenti ne. Ka fi ba da ƙarfi ga hotunan da baƙi suka ɗauka da kansu, da kuma sharhin da aka rubuta a watannin baya-bayan nan. Mutum ɗaya ya yi ƙorafi ba komai ba ne. Amma idan mutum uku daban-daban sun ambaci rashin ruwa ko ƙarar kiɗa, ka yarda da su.

Sai ka kira. Ka tambayi kuɗin ɗaki gaba ɗaya, domin wasu sukan faɗi farashi, sai ka zo biya a ɗora harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari da wani kuɗin hidima. Ka tambayi ƙarfe nawa ake kunna janareto da ƙarfe nawa ake kashewa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma kuɗin lantarki ya tashi, ƙananan otal da yawa sun rage awowin inji, wasu sun koma sola wadda take ɗaukar fanka da ƙwan fitila amma ba ta ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki. Babu amfanin biyan kuɗin ɗaki mai na'urar sanyi idan za a kashe inji ƙarfe sha biyun dare. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafin Abuja yake kan ganiyarsa, wannan tambayar ita ce gaba da komai. A lokacin hunturu kuwa ɗakin fanka ya wadatar, ruwan zafi za ka tambaya.

Kada ka tura kuɗi zuwa asusun da yake ɗauke da sunan mutum. Akwai masu saka lambar wayarsu a kan sunan otal a intanet, su karɓi kuɗin baƙo, ya iso ya tarar ba a san da zuwansa ba. Ka ce a riƙe maka ɗaki za ka biya idan ka iso. Lokacin da ake iya matsa maka ka ba da kafin alƙalami shi ne idan gari ya cika, kamar makon babban taron jam'iyya a dandalin Eagle Square ko bikin rantsar da sabuwar gwamnati. Ko a nan ɗin ma, kuɗin kwana ɗaya kawai za ka tura, zuwa asusun da sunansa ya yi daidai da na otal ɗin.

Mataki na uku: shiga gari da rana

Ka tsara tafiyarka yadda za ka iso kafin magariba. Da rana kana ganin unguwa, kana ganin ɗaki, kuma idan wurin bai yi maka ba kana da ƙarfin zuciyar juyawa ka tafi na biyu. Wanda ya iso ƙarfe sha ɗayan dare da jaka a kafaɗa, duk abin da aka ba shi karɓa zai yi.

Motocin da suka taso daga Kaduna da Kano ta Zuba suke shigowa, yawanci su sauke a Zuba ko Jabi ko Utako. Jirgin ƙasan da yake tasowa daga Rigasa yana tsayawa a Kubwa kafin ya ƙarasa Idu, don haka idan masaukinka yana Kubwa ko Gwarinpa, sauka a Kubwa ya fi. Ka sani tun 2006 aka hana acaɓa a cikin birnin, kuma Keke Napep ma ba ya bin manyan titunan tsakiyar gari. Abin da aka fi samu shi ne tasi, ko motocin Bolt da Uber da inDrive.

A nan zan ja kunne sosai. Kada ka tsaya a bakin titi da jakarka ka shiga duk motar da ta tsaya, musamman da dare. 'Yan wan-cans suna yawo da mota kamar ta haya, da mutanensu a ciki kamar fasinjoji, har da mace a wasu lokutan don hankalinka ya kwanta. Sun cuci mutane da yawa, wasu har sun rasa rayukansu. Ka hau mota a cikin tasha inda ake lodi, ko ka kira ta manhaja, ka duba lambar motar ta yi daidai da wadda wayarka ta nuna kafin ka buɗe ƙofa.

Mataki na huɗu: a nuna maka ɗakin kafin ka ciro kuɗi

Kafin ma ka shiga wurin karɓar baƙi, ka tsaya wajen maigadi. A Abuja sau da yawa za ka tarar ɗan Arewa ne, ko shi ko mai shayin da yake bakin layi. Ka gaishe shi da kyau: "Sannu da aiki, Baba. Don Allah wuta tana kwana a gidan nan? Ruwa fa?" Idan ya ce, "Alhaji, wuta kam sai ƙarfe ɗaya, amma ruwa ba ya yankewa," ka samu gaskiyar da ba lalle a gaya maka a ciki ba. Shi ne kuma zai nuna maka masallaci da inda ake sayar da abinci mai kyau.

A ciki, ka ce kana son ganin ɗakin. Wannan haƙƙinka ne, kuma wurin da ya ƙi nuna maka ɗaki ya riga ya ba ka amsa. Ka tabbata ɗakin da aka nuna maka shi ne wanda za a ba ka makullinsa.

Da shigarka, hancinka zai fara yi maka aiki. Warin danshi yana nufin bango yana tsotsar ruwa ko tagar ba ta buɗuwa. Ƙamshin turaren feshi mai yawa kuma wani lokaci wani abu ake rufewa da shi. Ka je gadon, ka yaye zanin daga kusurwar da take wajen kai, ka kunna fitilar wayarka, ka bi ɗinkin gefen katifar da ido. Idan ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an yarfa tawada, ko ɗan jini-jini a jikin zanin, to akwai kuɗin cizo. Ka leƙa bayan allon gadon ma, nan suke ɓuya da rana. Kada ka yarda a ce za a canza maka zani, domin ba a zanin suke zaune ba, kuma idan suka shiga jakarka har gida za ka kai wa iyalinka su. Ka nemi wani ɗakin mai nisa da wannan, a can ma ka sake dubawa.

Shiga banɗaki ka buɗe famfo ka bar shi ya ɗan zuba, ka ga ƙarfinsa da launinsa. Ka kora ruwan masai ka ga ko yana tafiya. Unguwannin cikin birni da yawa suna samun ruwa daga madatsar Usuma, amma a gefen gari rijiyar burtsatse ce, ita kuma sai da wuta ake tura ruwanta zuwa tanki. Shi ya sa bokiti yake da muhimmanci. Idan babu, ka ce a kawo, ka cika shi tun da dare. Ba ƙaramin tashin hankali ba ne mutum ya tashi da asuba, ganawa tana jiransa, ya murɗa famfo ya ji iska.

Sai ƙofa. Makulli kaɗai bai isa ba, domin akwai irinsa a hannun ma'aikata. Ka duba akwai sakata ta ciki mai ƙarfi. Ka gwada fanka da na'urar sanyi da soket ɗin da za ka yi caji. Ka duba ragar taga ko ta yage, saboda sauro. Ka ɗaga kai ka dubi duk wani ɗan rami ko na'urar da take fuskantar gado ko banɗaki wadda ba ka gane amfaninta ba, ka tambaya.

Abu biyu ne mutane ba sa dubawa, kuma su ne suke kisa. Na farko inda janareto yake. Idan yana dab da tagarka, ƙarar ba ita ce babbar matsalar ba, hayaƙin ne. Iskar gubar da take fita daga inji ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga ɗaki mutum yana barci, kuma an sha rasa iyali guda a ƙasar nan ta wannan hanya. Ka ƙi wannan ɗakin ko da kyauta ne. Na biyu hanyar fita. Tagogin yawancin gine-ginenmu an datse su da ƙarfe, don haka idan gobara ta tashi ƙofa ce kaɗai mafita. Ka san inda matakala take, ka ga ko akwai ta biyu, ka tambaya ko ana kulle ƙofar waje da kwaɗo da dare da kuma wanda yake riƙe makullin. Hawa na ɗaya ya fi mini: ya ɗaga daga masu wucewa ta bakin taga, kuma saukowa ba ta da wuya.

Ka kuma lura da irin gidan. Idan akwai mashaya a harabar, ko ɗakin taron biki, daren Juma'a da na Asabar ba za ka runtsa ba sai an ba ka ɗaki a can baya. Idan kuma ka ga ana ta shiga da fita bibbiyu ba kaya a hannu, wurin na masu kama ɗaki na awa ne. Araha ba ta ado, kuma irin wannan gida ba wurin da za ka kai iyalinka ba ne, kai ma mutuncinka ya fi ragin da za a yi maka.

Mataki na biyar: biya, da abin da za ka karɓa

Za a nemi katin shaida, don haka ka riƙe takardar NIN ko katin zaɓe ko lasisin tuƙi. A rubuta abin da ake buƙata a mayar maka da abinka, kada ka bar shi a hannunsu.

Neman ragi ba abin kunya ba ne. Idan za ka yi kwana uku ko fiye, ka nemi ganin manaja, domin yaron da yake kan teburi ba shi da ikon ragewa. Amma ko an yi maka ragi, ka fara biyan kwana ɗaya. Dare ne yake nuna halin otal, kuma kuɗin da ya shiga hannunsu da wuya ya dawo.

Ka tambayi yadda suke ƙirga kwana. Yawanci daga sha biyun rana ne zuwa sha biyun rana. Ma'ana, idan motar dare ta sauke ka ƙarfe biyar na asuba ka karɓi makulli, da azahar za a iya ce maka kwananka ya ƙare. Ku yi wannan magana a gama ta tun kafin ka biya. Idan akwai kuɗin ajiya da ake mayarwa ranar fita, a rubuta shi a rasit. Ka karɓi rasit mai sunan otal da lambar ɗaki da kwanan wata, ko da ta waya ka tura kuɗin. Ka riƙe 'yar tsabar kuɗi a jikinka saboda ranar da na'urar POS za ta ƙi aiki. Duk abin da ka tarar a lalace, fasasshen madubi ko tawul mai tabo, ka ɗauki hotonsa ka nuna musu nan take.

Mataki na shida: daren kansa

Da ka zauna, ka tura wa wani na gida sunan otal da unguwa da lambar ɗaki. Ka sa wayarka da fawa bank a caji tun wuta tana nan. Idan kayan da za ka saka gobe suna son guga, yanzu ne lokacinta.

Akwai 'yan kayan da suke sauƙaƙa zama a irin wannan wuri, kuma ba su da nauyi: zanin gado naka ko babban mayafi, tawul, silifas na wanka, soso da sabulu, darduma, da 'yar buta ko gorar ruwa da za ta maye gurbinta, domin otal da yawa a Abuja ba sa ajiye buta. Alƙibla a Abuja gabas ce mai karkata zuwa arewa. Manhajar waya za ta nuna maka, amma ƙarafan gini sukan rikita ta, don haka tambayar maigadi ko duban masallacin unguwa ya fi tabbas. Idan sauro ya dame ka, a fesa magani ka fita na ɗan lokaci, ka dawo ka buɗe taga iska ta shiga. Kada ka yarda a yayyafa maka ota-fiya-fiya a rufaffen ɗakin da za ka kwana.

Abincin otal ya fi na waje tsada nesa ba kusa ba. Mai shayi da masu tuwo da masa suna nan a kusan kowace unguwa, ka ci inda ka ga mutane sun taru kuma abincin yana da zafi. Daren da za ka wayi gari da muhimmin aiki ba daren gwada sabon abinci ba ne. Ruwan sha ka sayo a shagon waje, ruwan famfon ɗaki na wanka ne da alwala. Abin da ka gani a cikin firij kuma na sayarwa ne, ka tambayi kuɗinsa kafin ka buɗe.

Takardunka na asali da kuɗi da waya su kasance tare da kai duk inda za ka. Jakar da za ka bari a ɗaki ka sa mata ɗan kwaɗo. Idan an ƙwanƙwasa da dare an ce ma'aikaci ne, ka kira teburin karɓar baƙi ka tabbatar kafin ka zare sakata. Lambar kiran gaggawa ita ce 112.

'Yar'uwa, idan ke kaɗai kika zo, ki nemi ɗakin da yake kusa da inda ma'aikata suke, ba na ƙarshen lungu ba. Idan an faɗi lambar ɗakinki da ƙarfi a gaban mutanen da suke zaune, kina da damar cewa a canza miki. Abincin da kika aika a sayo ki karɓa a bakin ƙofa, kuma direban da ya kawo ki ba ya buƙatar sanin ɗakin da kike. Ki ɗan tokare ƙofar da kujera bayan kin sa sakata. Idan zuciyarki ba ta kwanta da wurin ba tun da rana, ki bar shi, asarar kuɗin kwana ɗaya abu ne mai sauƙi.

Mataki na bakwai: fita

Idan aikinka zai kai ka bayan sha biyu, ka haɗa kayanka tun da safe, ka miƙa makulli, ka roƙi a ajiye maka jakar a wurin karɓar baƙi. Yawancinsu suna yarda ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma hakan ya fi a caje ka wani kwanan saboda awa biyu. Kafin ka fito ka duba soket, caja ce abin da aka fi mantawa, sai ƙarƙashin matashi da bayan ƙofar banɗaki. Ka tsaya a duba ɗakin a gabanka, ka karɓi kuɗin ajiyarka. Idan maigadi ya kyautata maka, ka ba shi na goro.

Idan wurin ya yi maka, ka karɓi lambar manaja ka adana ta da sunan otal da unguwa, ka kuma rubuta lambar ɗakin da ka kwana, don wani zuwan ka nemi shi kai tsaye. Mai komawa ta jirgin sama ya tuna filin jirgin Nnamdi Azikiwe yana da nisan fiye da kilomita 30 daga tsakiyar birni, kuma hanyar Lugbe takan cushe da yamma lokacin tashin ma'aikata. Mai bin jirgin ƙasa zuwa Kaduna ya sayi tikitinsa ta intanet tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, domin kujerun ƙarshen mako suna saurin ƙarewa.